Kakin Jikata da Na Riƙa Binnewa

Ina gaishe ku, matan zumunta, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Ku na baya ku bar hira haka nan, yau ina da magana.

Kun san ni, Mama Laraba ta Kurmin Mashi, mai zaman bakin ƙofa ranar Lahadi tana duba ɗaurin ɗankwalin kowa. Ban taɓa shiga aji ba, amma a ganina babu abin da ke wuce idona. Yau laifin kaina na kawo muku.

Jikata Rahila, 'yar ɗana Ishaku, a hannuna ta tashi. Tun tana goye take tari. Kaki mai kauri kamar kunun da ya kwana, tana ci ba ta ƙiba, in gumi ya bushe a wuyanta sai ki ga fari-farin gishiri. An yi mata maganin tarin fuka, an yi na asma, kafin likitoci su ce ciwo ne da ake haihuwar yaro da shi, sistik faiburosis. Na daɗe ina koyon sunan nan.

Bara da damina ta kwanta. Zazzaɓi ya ƙi sauka, kakin ya koma kore, numfashi sama-sama. Aka yi ta sauya magani, babu wanda ya kama.

A gidanmu an koya mini ba a barin yawun yaro ko gashinsa a hannun baƙo, da su ake sammu. Na tsufa ina bin Yesu, amma tsoron nan na ajiye shi can ƙasan zuciya. Duk abin da Rahila ta tofar, bayan ɗaki nake binne shi. Da asibiti suka ba Ishaku 'yar kwalba a kawo kakin safe, sai na karɓa, na juya baya, na tofa nawa yawun a ciki.

Kwana biyu aka aiko wai in zo. Wata Dakta Hadiza ce, mai binciken ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Ta gaishe ni har da risinawa, sannan ta ce, "Mama, tun yaushe Rahila ta fara cin goro?"

Na ce, "'Yar nan, ki iya bakinki."

Ta yi murmushi, amma ba ta sassauta ba. Ta ce, "Mama, na yi shekaru ina bin ƙwayoyin da ke zama a ƙirjin yaran nan. Cikin majina suke ɓuya, suna koyon jure wa magani. In ban shuka su na ga irinsu ba, lalube kawai likita yake yi. Huhu kuwa, inda ya lalace ba ya dawowa."

Na dawo gida da tsakar rana, Rahila na ta tari kamar ƙirjinta zai tsage. Ta dube ni ta ce, "Kaka, na gaji." Na durƙusa a tabarma na ce, "Ubangiji, ni ke tsaron yarinyar nan ko kai? Na ce na ba ka ita, ashe ƙarya nake. Ka gafarta mini." Na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar maigidana. Da na miƙe, tsoron babu shi.

Washegari da kaina na hau Keke Napep na kai kwalbar, da kakin Rahila a ciki. Na ce wa Dakta Hadiza, "Sai fa na ga abin da za ki yi da shi." Ta ce, "Za ki gani, Mama."

Bayan 'yan kwanaki ta nuna mini ɗan faranti a rufe. Wani abu kore-kore ya mamaye shi, ga ƙananan takardu farare a jere, kowace da maganinta. Ƙwayoyin sun haye har jikin takardun, sai guda ɗaya tal. Kewayenta fes, kamar an share da tsintsiya. Ta ɗora yatsa a murfin ta ce, "Wannan suke tsoro."

Ni da ban san bihim ba, da idona na karanta shi! A ɗakin gwajin nan na ɗaga hannu na ce Haleluya, ita kuma ta ce Alhamdulillahi.

Aka kwantar da Rahila mako biyu ana ba ta maganin ta jijiya. Kafin mako ya cika zazzaɓi ya sauka, ta zauna ta ce tuwona ba gishiri. Da Dakta ta nemi izini ta ajiye ƙwayoyin don binciken da zai taimaki wasu yara, ban bari Ishaku ya buɗe baki ba, na ce ta riƙe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ciwon yana nan. Kullum da safe sai na bubbuga mata baya kakin ya fita. Amma ga ta can cikin mawaƙan yara, mai jan ɗankwali, tana jan baiti har ƙarshe ba ta tsaya neman numfashi ba.

Na gode wa Yesu da ya ceci huhun jikata, ya kuma cece ta daga hannuna. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi har da abin da kuka ɓoye masa. Ki durƙusa ki yi addu'a, sannan ki tashi ki kai wa likita gaskiya. Amin.