Ta'aziyyar da Ban Yi ba a Sabon Gari

Assalamu alaikum mai gabatar da shirinmu, tare da dukkan masu sauraro. Ni ne Malam Isyaku, malamin makaranta a Zariya.

Makon jiya na bi abokina Alhaji Bala zuwa Kano a sabuwar Fijo ɗinsa. Shi dai tun da kuɗin fetur suka same shi, bai ƙara cin abinci da hannu ba. Da muka isa Fagge da azahar, ya ce sai otal mai na'urar sanyi. Na ce masa matafiyi direbobin manyan motoci yake tambaya, don su ba sa cin abincin banza. Wani direba ya kwatanta mana wata rumfa a Sabon Gari.

Ina zama, mai abincin ta ƙura mini ido ta ce, "Ticha, har yanzu ba ka son yaji?" Ashe Mama Chinyere ce, wadda na shekara uku ina cin sakwararta kafin yaƙin basasa. Na tambaye ta labarin maigidanta Emeka, wanda ya saba tsokanata da Hausar Kanawa. Ta ce, "Ni kaɗai na dawo," sannan ta ƙara mini miya.

Ni da nake koya wa yara ladabi, na sunkuyar da kai na cinye, na yaba miyar, na tashi. Ko Allah Ya ba da haƙuri ban ce mata ba.

Jama'a, ku ba ni shawara. Shin gaisuwar mutuwa tana tsufa? Ranar Asabar zan koma Kano, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.