Sunan Ɗahiru a Ɗakin Jira

A ɗakin jiran wani asibiti a Tarauni, wata dattijuwa ta juya wajen matar da ke gefenta.

"Sai na ga shugaban asibitin nan, ai mulkin soja ya wuce. Yarona ya gama karɓar maganin ciwon daji, likita ya ce a ɗauki hoton marainansa a duba. Sai ma'aikaciya ta leƙo ta ce wai mai maraina ya shigo. A gaban jama'a!"

"Inna, rage murya. Ba wanda ya san shi."

"Wa bai san Ɗahiru tela na Gyaɗi-Gyaɗi ba?"

"To, yanzu kam mun sani."

Dattijuwar ta rufe baki da mayafi.

"Ɗan farina ne. Tunda na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, sai yau."