Ranar da Sista Ta Ƙi Ba Ni Gaskiya

Shugabar wannan taro, babban likita da mataimakansa, ma'aikatan jinya, iyaye mata da kuka cika bencinan ɗakin awo, da ku iyaye maza da kuka maƙale a bakin ƙofa kamar an hana ku shigowa, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa tsohuwa abin magana, alhali an san ba ta iya gajartawa ba. Mun taru ne domin mu sallami Sista Mai Sikeli, wadda ta shekara talatin a wannan ɗaki tana auna 'ya'yanmu, yau kuma take ajiye aiki. Wasu za su yabi haƙurinta, wasu za su yabi sanyin hannunta wajen allura. Ni kuwa zan yabe ta ne da ranar da ta ƙi ba ni gaskiya.

Ina da jika, takwarata. Tun tana jaririya uwarta, wato surukata, take ɗaure ta a kujerar yara a bayan mota, fuskarta na kallon baya. Da ta kai shekara ɗaya da rabi abin ya ishe ni. Yarinya ta yi wayo, ƙafafunta sun tokare, ga ta ta juya wa ubanta ƙeya yana tuƙi kamar mai fushi da shi. Mu da aka raine mu a kan yaro ba ya ba babba baya! Na ce a juya ta. Surukata ta ce, "Mama, da sauran lokaci." Na ce mata ai ni ban haifi kowa ba, ita ce ta fara. Wata safiya na kwance kujerar da hannuna, na juya ta gaba, na zauna ina jiran mai cewa uffan. Surukata ta mayar da ita yadda take, ta roƙe ni in raka su awo.

Na zo da ƙarata, ina da tabbacin Sista, mai furfura irin tawa, za ta goya mini baya. Sai ta ce, "Mama, 'ya'ya nawa kika goya?"

Na ce, "Bakwai."

Ta ce, "In barci ya kwashe na goye, kansa ya langaɓe, me kike yi?"

Na ce, "In ja zani sama in tallafe masa ƙeya mana."

Ta ce, "To wannan kujerar ma goyo ce. In aka taka birki da ƙarfi, mai kallon baya kujera ke tallafe masa kai da wuya da gadon baya a tare. Mai kallon gaba kuwa, ɗamara ta riƙe jiki, kai ya tafi shi kaɗai, ga kai da nauyi, ga wuya ɗanye."

Ba ta tsaya nan ba. Ta bar layi yana jira, ta biyo mu har inda muka ajiye mota, ta durƙusa da wannan gwiwar tata mai ciwo, ta nuna mini abu uku, ni ma yau na ba ku su. Na farko, ba shekaru ke juya kujera ba, nauyi da tsayi ne, kuma iyakarsu na rubuce a jikin kujerar, a karanta. Na biyu, a dubi kan yaro: in ya kusa kai bakin kujerar ta sama, ta yi masa kaɗan. Na uku, ƙafafun da suka hana ni sakat, ta ce yaro lanƙwashe su yake ko a kan tabarma, ba ƙafa ake tsoro ba, wuya ake tsoro. Na bar kujerar yadda take, ba don na yarda ba, sai don ta ƙure ni.

Bayan wata biyu, da rana tsaka, wata babbar mota ta tsaya mana kwatsam, ɗana ya taka birki amma sai da muka daki bayanta. Ni da nake babba, da ɗamarata, na yi sati uku ba na iya waiwaye. Takwarata kuwa takalmi ɗaya ne ya fita daga ƙafarta, shi take wa kuka.

Sista, wannan aikinki ne, kuma ba mu da abin biyanki. Amma akwai wadda ta riga ki faɗa mini, na ƙi ji, har na yi mata gatse, kuma shekara guda ke nan girma ya hana ni buɗe baki. Ga ta can a benci na uku tana sunkuyar da kai. 'Yata, ke ce da gaskiya. Da kin bi maganata don kunya, Allah kaɗai ya san abin da zan riƙe a hannuna a wannan rana. Ki yafe mini.

Allah ya ba Sista hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa. Allah ya raya mana yaran nan, ya tsare su a hanya, ya ba mu manya kunnen jin na ƙasa da mu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.