Marigayi Yana Son Ya Yi Magana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugaban sashen koyon wasan kwaikwayo, wanda na ga kujerarsa ba kowa, an ce ya fita tarbata mun yi saɓani a hanya, Allah ya dawo da shi lafiya, kada kuma ya yi gaggawa. Shehunan malamai da malamai. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. Ɗalibai masu ba da umarni da ɗalibai masu fitowa. Masu jan labule kafin a gama magana, da masu kunna fitila inda ba a ce su kunna ba. Sauran jama'a da kuka cika wannan zaure, na zaune da na tsaye, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kamar yadda mai gabatarwa ya shaida muku, ni ne farfesan da jami'a ta gayyato daga nesa domin ya auna wasannin da ɗalibai suka yi a wannan kaka, wato zangon wasanni na bana. Ba zan tsaya lissafa digirorina ba, don in na fara sai a kira sallah ban kai rabi ba. Ina godiya da wannan karramawa, ina godiya da ruwan sanyin da aka ajiye mini, wanda tun da nake shiga zauren nan ba a taɓa ba ni irinsa ba. Kada kuma wani ya ce yaushe Farfesa ya kalli wasanninmu. Na kalle su duka, daga na buɗewa har na rufewa, daga wani wuri mai kusa da ba ku zata ba. Har takalmanku na sani.

Jama'a, raina a ɓace na hau wannan dandamali, kuma abin da ya ɓata shi abu ɗaya ne. Akwai wani saurayi a nan, yaron Oga Kafinta ne, su ne masu buga muku ƙofofi da kujeru da bangon katako. Ba ɗalibi ba ne. Kuna kiransa Marigayi, saboda duk wasan da kuka yi a kakar nan shi ne gawa. Mahaifiyarsa ta gindaya masa sharaɗi: ko dai ta ji shi da kunnenta yana magana a kan dandamalin nan, a tsaye, da ransa, kafin a rufe kaka, ko kuma ya haɗa kayansa ya tafi wurin kawunsa mai injin yanka katako a wani gari, ya bar muku wasanku har abada. Shi kuwa in aka raba shi da zauren nan an raba shi da abin da ya fi so a duniya. Yau ake rufe kaka. Baiwar Allahn nan tana cikinku a zaune. A kan wannan zan yi muku hukunci.

Batu na farko: me ya sa ba ku iya ƙare wasa sai kun kashe mutum? Wasan masu haƙar rijiya, an mutu. Wasan 'yan'uwan da ke rigima kan gidan gado, tun kafin a ɗaga labule an riga an mutu. Wasan asibiti, wannan na yi muku uzuri. Amma wasan barkwanci fa? Wasa ne na mutumin da akuyarsa ta shiga ofis, jama'a na ta dariya, sai daraktan nan mai hular sanyi, wanda ko ana zufa ba ya cire ta, ya ce wai wasan ba shi da nauyi, a kawo gawa. Aka aika a kira Marigayi yana tsakiyar buga ƙusa.

Na bincika dalilin da ya sa kullum shi ne, aka gaya mini wai maki ana ba da shi ne gwargwadon maganar da ɗalibi ya yi a dandamali, gawa kuwa ba ta magana, saboda haka ba ɗalibin da zai yarda ya kwanta. Madalla. Kowa na son a mutu a wasansa, ba mai son ya mutu.

Batu na biyu shi ne yadda kuke riƙon gawar. Ina kira ga ɗalibin da ake ce wa Dogo, da abokinsa Guntu, su ji ni da kyau. Wane mai hankali ne zai sa mutum mai tsayin ƙofa a gaban makara, ya sa wanda bai kai kafaɗarsa ba a baya? A wasan rijiya Marigayi tun daga bakin labule yake zamewa, yana riƙe gefen katako da yatsun ƙafa, yana karanto duk addu'ar da ya iya, su kuwa suna tafiya a hankali wai alhini. Da suka sauke shi, kansa ne ya fara isa ƙasa. Jama'a suka ji ƙara, suka ɗauka ganga ce.

Sai ɗalibar nan da ake kira Mai Hawaye. 'Yata, Allah ya ba ki baiwar kuka, ba na musu. Amma ƙirjin gawa ba turmi ba ne. In kin ce wayyo sau ɗaya kin daka, kin ce wayyo sau biyu kin daka, mutumin da ke ƙarƙashin ƙyallen yana da haƙarƙari kamar kowa. Shi kuma mai fitowa a matsayin babban wa a wasan gado, ya tsaya a kan yatsan gawa ya yi doguwar magana a kan zalunci, har aka tafa masa. Ga fanka a kashe wai kada ta kaɗa labule. Ga cinnaka ya shiga ta wuyan riga ya yi yawonsa ya gaji. Duk wannan bawan Allah bai motsa ba. An ce mini sau ɗaya ya ja wa Guntu zariyar wando daga cikin makara, to wannan ma ni a wurina alama ce ta ƙwarewa, don ba wanda ya gani sai sakamakon.

Batu na uku, shi ne mai nauyin, ina roƙon a daina dariya.

Da aka fara sa yaron nan, ya koma gida da murna ya ce wa mahaifiyarsa yana fitowa a wasan jami'a. Bai gaya mata a matsayin me ba, wannan wautarsa ce. Ta ɗauko zanen da take ajiya, ta gayyato maƙwabciyarta wadda ta sha yi wa labarin, suka zauna a jeren gaba. Duk wanda ya shigo dandamali sai maƙwabciyar ta taɓa ta ta tambaya ko shi ne, ita kuma ta ce a'a, nata ya fi wannan haske. Haka har wasa ya yi nisa. Sai aka shigo da makara. Likkafanin da mai kula da tufafinku ya yanka gajere ne, ƙafa ɗaya a waje. Da tabon da ke diddigensa ta gane shi, tabon da ita ta yi jinyarsa yana ƙarami.

Ta miƙe tsaye tana salati, ta nufi dandamali. Kun san abin da kuka yi? Tafi kuka yi. Kun ɗauka cikin wasan ne. Mai hular sanyi har ya tambaya daga baya wace ɗaliba ce wannan, a ƙara mata maki. Shi kuwa yana kwance yana jin muryar uwarsa, ya rasa ko ya tashi ya ɓata muku jarrabawa ko ya kwanta ya bar ta. Ya kwanta. Ku ya zaɓa.

A gida ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta zuba masa abinci, ta zauna tana kallonsa yana ci, sannan ta ce, "Na ga an fita da ubanka ta ƙofar nan. Ba zan zauna a kujera in ga ana fita da kai ba, ko da wasa ne." Ya yi ta ba ta haƙuri, ya ce kowa daga ƙasa yake farawa, ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ya fara daga kabari ba. A nan ta yanka masa sharaɗin da na gaya muku. Ba ta ce sai ya zama sarki ko alƙali ba. Ko ɗan aike ne, ta ce, in dai zai shigo da ƙafarsa ya fita da ƙafarsa.

To me kuka yi da ya zo muku? Ya bi daraktoci ɗaya bayan ɗaya yana roƙon magana ɗaya tak, ko da a ce ya shigo ya ce ga baƙo nan a waje. Na farko ya ce sai wasa na gaba. Na biyu ya ce duk maganar da aka ba shi an cire ta ne daga makin wani ɗalibi. Wata ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Haba Marigayi, kai ai baiwarka a kwanciya take." Daraktan wasan asibiti ya ba shi magana ɗaya: ya shigo ya ce likita na zuwa. Ya haddace ta kamar karatu, yana faɗa a banɗaki, yana faɗa yana goge katako, har Oga Kafinta ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne. Ranar wasa aka ce lokaci ya ƙure, an yanke wurin, amma kada ya damu, gadon gawa na nan. Ya je ofishin shugaban sashe, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, aka ce masa za a duba. Har yanzu ana dubawa.

Ina tambayarku, ya ku masu ilimi: ku da kuke tara jama'a kuna nuna musu yadda ake danne na ƙasa, ku da kuke sa mu kuka a kan wanda aka hana magana, a ce a tsakiyar dandamalinku akwai mutum kwance wanda kuka hana magana kaka guda, kuna tsallake shi kuna zuwa karɓar tafi?

Saboda haka ga hukuncina. A nemo wa makara masu ɗauka masu tsayi ɗaya. A ƙara wa likkafani tsawo. Duk daraktan da ya ga lallai sai an mutu a wasansa, shi zai kwanta, a kashe fanka, a kira Mai Hawaye. In aka yi haka na tabbata kaka mai zuwa duk wasanninku lafiya za a ƙare su.

Na hango ƙofar baya ta buɗe. Ga shugaban sashe can ya shigo, tare da wani dattijo mai jaka a hannu da alamar gajiyar tafiya. Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Ku ba shi wuri, jama'a, wannan shi ne farfesanku. Dogo, kada ka taso, na kusa gamawa, kuma ka san in ka ɗauke ni yar da ni za ka yi.

Wannan alkyabbar daga ɗakin tufafi na ɗauko ta. Tabarau ɗin ba gilashi a jikinsa. Gemun nan kuwa na babban wa ne na wasan gado, ga shi na cire, da ma ƙaiƙayi yake yi mini. Ba farfesa ne ya rubuta jawabin nan ba, ba kuma wani ɗalibi ne ya taya ni ba. Ni na rubuta abina da ajami a kan teburin Oga Kafinta, don ni allo na yi, ban zauna ajin boko ba. Na sa shi a aljihu na zo ban san ta inda zan ɓullo ba, sai na ji ana cigiyar Farfesa, bai iso ba. Ni ne Marigayi.

Inna, ga ni a tsaye. Da ƙafata na hau, kuma in shugaban sashe ya yi mini rangwame da ƙafata zan sauka. Kin ce magana ɗaya, na yi miki har da ƙari. Ba ki ce kada in sa gemu ba. Na ga kin rufe baki da mayafi, daga nan ban iya gane ko dariya kike yi ko kuka. In kin ce wannan bai cika sharaɗi ba, ba zan yi miki musu a gaban mutane ba, gobe zan kama hanyar gidan Kawu. In kuwa ya cika, ki ɗaga mini hannu kawai.

Alhamdu lillahi, ta ɗaga. Iya maƙwabciya, ke ce shaida, kin gani.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu na gaskiya. Allah ya ba ɗalibai sa'ar jarrabawa, har da mai hular sanyi. Allah ya huci zuciyar shugaban sashe, ya ba Farfesa haƙurin sha daga ruwan da na rage masa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, da ƙafarsa.

Na gode.