Hawainiyata Ta Buɗe Ido

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni manomin albasa ne a Aliero. Bara na tsinci hawainiya a gonata, ta shiga raina, na kawo ta gida. A nan wurinmu duk wanda aka ga yana kiwon hawainiya cewa ake tsubbu yake yi, don haka na kife ta da kwando a ƙuryar ɗaki. Ba a jima ba idanunta suka kumbura, suka rufe. Ko fara na ajiye a gabanta ba ta gani.

Yayana ya zo daga Karaye ya ce, "Ciwon ido na, sa mata kwalli." Na sa, abin ya ƙaru. Matata ta ce in ta mutu alhakinta na wuyana.

Ranar kasuwa na kai ta Jega wurin malamin dabbobi. Ya wanke idon, ya dube ni ya ce, "Malam, ka binne ta da ranta. Ka bar ta ta sha hantsi kullum, ta samu inuwar fakewa, ka riƙa yayyafa mata ruwa a ganye."

Na ɗora ta kan zogalen ƙofar gida, inda kowa ke wucewa. Ana nan wata safiya, a gaban masu gulmar, ta juya ido, ta harba harshe, ta cafke fara.

Masu saurare, kada tsoron bakin mutane ya sa ku makantar da dabba. Ina gaida Yaya, kuma ya bar wa uwargida kwallinta.