Telan da Ya Zo Daina "Gobe"

A ɗakin jiran matar nan mai saita rayuwa, wadda ke tsara maka buri sannan ta sa ka gyangyaɗi ta raɗa maka shi a kunne, wata hajiya ta zauna kusa da wani tela.

"Ɗana, me ya kawo ka?"

"Ƙarya, Hajiya! 'Gobe' nake son dainawa. Ke fa?"

"Masifa. Sati uku ban ɗaga murya ba, har jikokina na tambaya ko lafiya."

"Ai matar ta iya! Ta ce in lumshe ido in hango ɗinkin da ya fi damuna. Sai ga koren leshi na wata uwar amarya. Jibi biki, ko almakashi bai gani ba!" Ya kece da dariya.

Hajiya ta ja numfashi kamar yadda aka koya mata.

"Wata doguwar yarinya mai wushirya ta kawo?"

"Ƙwarai! Kin san ta?"

"Ni na haife ta. Yaushe za ka gama?"

Tela ya saci kallon ƙofa. "Go..."

"Ƙarasa mana, ɗana," in ji Hajiya, tana zare takalmi. "Mu ga wanda maganin matar nan zai fara saki, ni ko kai."