Talabijin Ɗin da Baba Bai Gani Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, da dukan masu saurare. Sunana Umaru, tela ne ni a kasuwar Boɗinga.

Mahaifina manomi ne a Sifawa, Allah bai nufe shi da zuwa Makka ba. Duk lokacin aikin hajji yakan zauna gaban tsohuwar talabijin ɗinmu mai eriya, hoto na rawa, yana ƙoƙarin hango Ka'aba. Da aka fara zancen sabon tsarin nan mai hoto tangaran, sai ya ce mini, "Umaru, ka sawo muna irin wannan talabijin, in ga Ɗakin Allah da kyau ko sau ɗaya."

Na ce to. Shekara biyu ina ɗagawa, kullum sai an gama ɗinkin sallah. Bara na sawo ta da dikoda, akwatin kamo tashoshi, daga Sakkwato, munka kunna ranar Arfa. Hoto ya fito har rubutun jikin rigar Ka'aba ana karantawa. Ashe yanar ido ta riga ta rufe idanun Baba. Ya matso, ya shafa gilashin da tafin hannunsa, ya ce, "Ba komi, ɗana. Kai duba ka faɗa mini."

Na zauna ina ba shi labari, shi ko yana ta salati a hankali. Kafin a girbe gero ya rasu.

Malam, ina roƙon masu saurare su sa shi a addu'a. Kuma ku ba ni shawara, don shi ya yafe mini tun ranar, amma ni har yau na kasa yafe wa kaina.